Bangon Ɗakin Mai Jego

Tun rani Hure ta fara tara itace. Duk wanda ya shiga gidan Malam Sama'ilu, a wani ɗan ƙauye kusa da Watari, sai ya ga guma-guman marke da ta jibge a gindin rumbu ta lulluɓe da tsofaffin buhuna, kuma kaiton wanda ya zari ko sanda ɗaya don dafa shayi. Itacen wankan jego ne. Autarta Nana Aisha, wadda ke aure a Ɗanbatta, tana ɗauke da cikin fari, Hure kuwa ta ƙudura a ranta cewa a hannunta yarinyar za ta yi arba'in. Ita za ta dafa ruwan, ita za ta dama kunun kanwa, ita za ta gasa mata jiki yadda aka gasa nata.

Ba da sauƙi ta samu ba. Dangin mijin 'yan gari ne, irin waɗanda ko ruwa aka ba su a ƙauye sai sun leƙa cikin kwanon kafin su kai baki. Gwaggon mijin, Hajiya Ummukulthum, wadda ba a yanke komai a gidansu sai da ita, ta daɗe tana jan rai kafin ta yarda a kawo Nana Aisha goyon ciki. Ko da ta yarda ɗin ma sai da ta ƙara da cewa, "To, amana muka ba ku. In mun ga da gyara, ai Ɗanbatta ba nisa." Hure ta haɗiye maganar, amma ba ta manta da ita ba.

Matsalar ɗaki ce. Daminar bara ta ci bayan ɗakin Hure na ƙasa, ɓarnar da yaɓen kwana ɗaya zai gyara. Sai babban ɗanta Abdulmumini, mai sayar da tayil ɗin daɓe a unguwar Bacirawa, can cikin birni, ya zo ya duba, ya ce uwarsa ta gama kwana a ɗakin ƙasa. Aka rushe shi, har da gadon ƙasar nan da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, wanda a kansa ta yi jegon 'ya'yanta duka. Aka ɗora bulo, aka buga kwano. Alheri ne, ba mai cewa ba alheri ba ne, kuma maƙwabta sun yi ta zuwa taya murna. Sai dai aikin ya yi ta jan ƙafa, har filastar yashi da siminti ta faɗo cikin marka, lokacin da rana kan leƙo kawai ta koma. Hure da 'yarta mai tsohon ciki suka ci gaba da raɓewa a ɗan ɗakin ajiya, tsakanin buhunan gyaɗa da na takin zamani, da roba a tsakiya tana tarar yoyo.

To, Abdulmumini ɗan fari ne. Tunda Hure ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa zaunar da shi ta yi masa doguwar magana ba. In ya durƙusa gaishe ta, kai a kauce take amsawa. "Mutumin Bacirawa" take ce masa, in kuma tana da magana sai ta aika. Haka ta tarar ana yi, haka ta riƙe, har mata kan buga misali da kunyarta.

Wata safiya ta ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ɗantani ne, maginin da ya yi filastar, mutumin unguwar masu coci da ke ƙetaren fadama, ya ɗauro bokitai da buhu a baya kamar mai tashi daga gari.

"Ɗantani, me kuma za a yi wa ɗakin? Ba an gama ba?"

"Inna, ai wannan rigar ciki ce. Maigida na Bacirawa ya ce a sa masa ta sallah. Sikirdin ake ce masa. Farin siminti ne da gam da fenti, a shafe bangon ya yi sumul kamar ƙwai."

Hure ta shiga ta ɗora tafin hannunta a kan filastar. Sanyi ta ji kamar ta taɓa cikin randa, kusurwoyin kuma har yanzu baƙi-baƙi suke da laima.

"Bangon nan bai bushe ba."

"Bai bushe ba kam," in ji Ɗantani, yana kwance igiya hankalinsa kwance. "Na faɗa masa ta waya. Ya ce suna ba ya jiran rana. Ni kuwa, Inna, abin da aka ce in shafa shi nake shafawa."

Ta wuce zaure kai tsaye, inda mijinta Malam Sama'ilu ke sa wa fartanya ƙota.

"Malam, ka kira mutumin Bacirawa. Ka ce masa a bar ɗakin nan yadda yake. Bango ɗanye ne, yarinya kuma ko yau ko gobe. Ka ce na ce ba na so."

Malam ya ce to, ya laluɓo waya a aljihu. Tana tsaye a bayan ƙyaure tana ji ya gama gaisuwa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Innarka ma tana ta sa albarka. Ta ce dai a riƙa bi a hankali saboda damina." Ya kashe waya ya dube ta kamar wanda ya sauke farali. Malam mutum ne da ba ya son abin da zai sosa ran yaron nan, in aka ba shi barkono ya kai masa, kafin ya isa ya zama zuma. Hure ta ji kamar ta karɓe fartanyar ta wurga bayan katanga.

Ta koma ta sa Nana Aisha ta kira. Ita dai ta faɗi saƙon yadda yake, amma dariya Hure ta jiyo daga cikin wayar.

"Ke auta, so kike mutanen gidanku su zo suna su tarar da ɗaki kamar garejin mota? Kin manta lokacin bikinki? Da kunnena na ji wata cikinsu tana tambaya wai ko nan ake ɗaure awaki. Ki ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, na san abin da nake yi."

Abin haushin ke nan. Su biyun duka mutanen Ɗanbatta suke wa shiri, shi yana so su ga bango, ita tana so su ga 'yarsu da ƙoshin lafiya. Da za ta iya karɓar wayar nan ta faɗa masa da bakinta, da an wuce wurin. Ta dubi wayar a hannun Nana Aisha, ta kau da kai, ta fita duba tukunya.

Ɗantani ya kama aiki. Ya bi filastar da gefen cokalinsa yana kankare tudu-tudu, ya share yashin da ke zuba, ya kwaɓa farin abin nan a bokiti har ya yi kauri kamar kindirmo. Sai ya ɗebo a faifan ƙarfe ya ja daga ƙasa zuwa sama, siriri, ya dawo ya kwashe rara, ya sake ja. Gaskiya hannunsa na da kyau, ko Hure da ke fushi sai da ta tsaya kallo. Amma inda ya shafa da safe, har la'asar in ka danna yatsa sai ya lotsa. Ɗantani ya danna, ya taɓe baki, washegari ya ɗora shafi na biyu a kai. Ya ci tuwon Hure, ya yaba miyar, sannan ya karanto mata dokokin da aka ba shi: kada a rufe taga, kada a jingina gado da bango, kada a buga ƙusa, kuma ko da wasa kada a shiga da wuta.

"A ɗakin wa?" in ji Hure.

"A ɗakinki, Inna," ya ce, ya tada babur.

Ko ƙamshin gam ɗin bai fita ba naƙuda ta tashi. Aka kai Nana Aisha ƙaramin asibitin da ke bakin titi, Allah ya sauke ta lafiya, ɗa namiji. Da aka dawo da su, ina za a sa su? Ɗakin ajiya na yoyo, ga warin taki. Dole aka shiga da gado sabon ɗaki, aka kafa shi a tsakiya nesa da bango, kamar gadon gawa, abin da Hure ta yi ta neman tsari da shi a ranta.

Ɗakin fari fat, kowace 'yar barka sai ta ce masha Allahu. Amma sanyi ke fita daga bangon yana shiga ƙashi. Tagogi a buɗe, iskar damina na kaɗa labule. Zanen da aka shanya a ciki ba ya bushewa. Hure takan yi wa 'yarta wanka da tafasasshen ruwan ganyen darbejiya har jikinta ya yi ja, kafin ta gama shan kunu ta fara rawar ɗari. Da jaririn ya soma atishawa, hancinsa na ƙara in yana shan mama, sai Hure ta ce dokar Bacirawa ta tsaya a Bacirawa. Ta rufe tagogi, ta cika kasko da garwashi, ta zuba turare, ta kai gindin gado.

Ɗakin ya yi ɗumi, Nana Aisha ta samu barci. Bangon kuwa sai ya fara gumi. Ruwan da aka kulle a cikin filasta ya nemi hanyar fita, farin shafin ya kumbura ƙuraje-ƙuraje, wasu suka fashe, wani wuri ya yi rawaya, wani ya ɗago kamar ɓawon rogo. Ko tari aka yi da ƙarfi sai ɓarɓashi ya zubo. Hure ta wuni tana kakkaɓe farin gari daga shawul ɗin jariri, tana tsinewa a ciki, ba ta da wanda za ta tsine wa a fili.

Ana haka, ana saura kwana biyu suna, motar Hajiya Ummukulthum ta tsaya a ƙofar gida. Ta shigo da sallama, da turamen zani da sabulai, aka shimfiɗa mata darduma a ɗakin mai jego. Ta karɓi yaron, ta yi masa addu'a, ta kara kunne a ƙirjinsa. Ta jingina da bango don ta gyara zama. Da ta ɗago, bayan mayafinta ya yi fari, ya kuma jiƙe. Ta ciro shi ta duba, ta dubi bangon tun daga sama har ƙasa, ta murje garin tsakanin yatsunta.

"Sabon gini ne, Hajiya," in ji Hure. Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Na gani. Ya yi kyau. A nan suke kwana?"

Ana cikin haka aka ji sallamar namiji a tsakar gida. Abdulmumini ne, da shadda mai maiƙo, Ɗantani na biye da shi ɗauke da bokitin fenti da takardun goge bango masu kaushi. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Hajiya, ya gaida uwarsa, ya yi wa ƙanwarsa barka. Sai idonsa ya faɗa kan bangon, daga nan ya sauka kan kasko. Fuskarsa ta canza.

"Inna lillahi! Wa ya shigo da wuta ɗakin nan? Ɗantani, ban ce ka faɗa musu ba?"

"Na faɗa, maigida."

"Dubi yadda aka lalata aiki! To, ba komai, akwai sauran lokaci. Auta, daure ki koma rumfa ke da yaron zuwa magariba. A kankare inda ya tashi, a cike, a goge, gobe a yi fenti. Don Allah a fitar min da kaskon nan."

A waje yayyafi ake yi. Hure ta dubi 'yarta, wadda ko zama sai ta dafa gado, ta ga har ta fara laluben mayafi don bin umarnin yayanta. Sai Hure ta miƙe tsaye.

"Abdulmumini!"

Sai da ya waiga baya yana neman wanda ya kira shi, don bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba. Matan da suka zo barka suka kama baki. Malam Sama'ilu, da ya leƙo daga zaure don gaida baƙuwa, ya tsaya cak da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Kai nake kira, dube ni! Na aiki ubanka, ya mayar da maganata sa albarka. Na aiki ƙanwarka, ka yi mata dariya. To yau ga ni da bakina. Ka rushe min ɗaki, na yi shiru. Ka fasa gadon da na kwanta na shayar da kai, na yi shiru. Na ce bangon nan ɗanye ne, a bar shi, ka aiko a lafta masa fari don a ce ɗan Hure ya yi arziki. Ni na kunna wutar! Ni, da hannuna, kuma yanzu zan ƙara gawayi. Jariri yana numfashi da kyar, kai ka shigo bango ka fara dubawa. Ka ma kalli fuskar yaron? Yanzu kuma a fitar da mace mai ɗanyen jiki cikin ruwa don a goge maka bango. Bangon ne ya yi naƙuda? Shi za a raɗa wa suna?"

"Hure, Hure, akwai baƙi," in ji Malam.

"Kai ma ka yi min shiru, Malam! Da ka kai saƙo yadda aka ba ka, da baƙin ba su ga wannan ba."

Ba a taɓa jin ta ɗaga wa mijinta murya ba, balle a gaban surukai. Hayaniyar ta tashi jaririn, ya tsala kuka. Abdulmumini yana durƙushe, bakinsa a buɗe, idonsa ya kawo ruwa. Ɗantani ya ajiye bokitin fenti a hankali ya ja da baya.

Hajiya Ummukulthum ta jijjiga yaron har ya yi shiru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita kuwa yau ta samu har biyu. Da murya mai sanyi ta yi magana, wadda ta fi zagi ciwo.

"Allah ya huci zuciyarki, Yaya Hure. Ni da na ce a raina ko a lallaɓa a yi suna tukuna. Amma ga ɗaki yadda yake, ga gida kuma yadda yake. Mai jego ba ta son sanyi, ba ta son tashin hankali. Nana, haɗa kayanki."

"Hajiya, don Allah," in ji Abdulmumini, "a ba ni zuwa gobe. Wallahi da hannuna zan kankare shi duka, a mayar da shi yadda yake."

"Ka kankare suna ina? Cikin ƙurar?"

Hure ta juya wajen mijinta. Kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya tsayar da tafiyar, ko da zuwa bayan suna. Malam ya sunkuyar da kai ya ce ai Hajiya ta fi su gaskiya, lafiyar yaro ita ce gaba da komai. Kuma abin da ya fi ƙona ran Hure shi ne ta san haka ɗin ne.

Ita da kanta ta haɗa kayan, don ba ta yarda wata ta taɓa ba. Nana Aisha na kuka tana cewa, "Inna, ni dai a nan nake so," Hure ta ce mata ta yi shiru kada nono ya ɗauke. Ta ƙulle garin kunu, ta ƙulle kanwa da yajin jego da ta daka tun kafin azumi. Da ta kai bakin mota, Hajiya ta ce a bar su kawai, akwai komai a can, ruwan zafi ma na'ura ke dafawa. Hure ta tura ƙullin ƙarƙashin kujera duk da haka. Ta ce wa 'yarta kada ta yarda da ruwa mai ɗumi-ɗumi, sai wanda ya tafasa, kuma safe da yamma. Ta leƙa fuskar jikanta sau ɗaya, aka ja ƙofa. Motar ta bi ta cikin taɓo tsakanin gonakin gero, har ta sha kwana.

'Yan barka suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowace da labarin da za ta kai gida. A bayan rumfa babbar tukunyar wankan yamma tana ta tafasa, ganyen darbejiya na juyawa a ciki. Hure ta tsuguna ta fara zare itacen daga murhu, tana tsoma bakin kowanne a kwatami yana cuuu.

Abdulmumini ya zo ya durƙusa a gefenta, shaddarsa cikin laka.

"Inna, ki yafe min. Wallahi don ke na yi. Da kin faɗa min da kanki tun farko, da ko bokitin ba a buɗe ba."

Ba ta kauce da kai ba wannan karon. Ta dube shi ido cikin ido, yadda ake duban kowa, kuma da ta kira sunan sai ya fito mata ba nauyi, kamar sunan ɗan maƙwabta. Wannan ya fi tsawar ɗazu tsorata shi.

"Tashi, Abdulmumini, kada kayanka su ɓaci. Ɗakin ba kowa yanzu. Kira Ɗantani ku shiga ku goge."

Ta jawo wani itacen daga wuta.